Ludayin Amama Da Saƙonnin Da Suka Wuce Bango

Shafi na 19

Ku da kuka hana wayata hutawa tun jiya da "ina Amama, ina Amama", to ga ta nan. Hajiyar Kumasi da ta rantse za ta biyo ni har gida da muciya in aka ƙwace ludayin nan, ki zauna ki sha ruwa tukuna. Sababbin shigowa kuma ku matso in gutsura muku. Shekara talatin da ɗaya Amama na dafa abincin kowane aure da suna na Ƙungiyar Matan Zumunci ta Nima. A bikin Ruhaina da aka yi a Kanda mutum tara suka kwana suna zaryar banɗaki, uku har da ƙarin ruwa a asibiti, aka ce jollof ɗinta ne. Magajiya, shugabar ƙungiya, ta sa a buɗe fom a shafin ƙungiya, duk wanda ya ci abincin ya rubuta abin da ya sani. Sherifa, 'yar Amama, ita ta gina shafin da hannunta. Yau kuma ranar hukunci.

*

Tun motar haya ta trotro ba ta gama tsayawa a bakin kasuwar Nima ba Sherifa ta diro. Direba ya bi ta da faɗa cikin yaren Twi, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta kutsa lungu jakar laftof na dukan bayanta, ta tsallake gwata biyu, saura ƙiris ta kifar da tiren mai ƙosai. Ƙarfe huɗu aka ce za a zauna, ita kuwa ta san halin Lauwali sakataren ƙungiya, in dai zaman da za a tozarta wani ne ba ya makara.

Da azahar Rafi'atu mai albasa ta kira ta tana wurin aiki a Kokomlemle, tana faɗa kamar za ta fasa waya, wai Lauwali ya tare ta a kasuwa ya ce su matan kasuwa ba su rubuta komai ba sai gaisuwa. Sherifa ta buɗe bayan shafin, inda saƙonni ke zuwa su kwanta kafin a nuna su. Abin da ta gani ya sa ta zauna daɓas a kujera.

Tsakar gidan Magajiya cike yake da mata a kujerun roba. An fito da babban talabijin an ɗora a tebur ƙarƙashin baranda. A gaban Magajiya, kan sabuwar tabarma, ga babban ludayin ƙungiya a ajiye, wanda kotarsa ta yi santsi saboda hannun mace ɗaya.

Macen kuwa tana can gefe kan 'yar kujerar tsuguno, kanta a ƙasa. Sati biyu kenan Amama ba ta hura wuta ba. Wadda ke ciyar da mutum ɗari biyar a yini ɗaya, yanzu sai an lallaɓa ta take shan koko rabin kofi. 

Lauwali na tsaye jikin talabijin. Shi ne sakatare, ɗan ƙanen Magajiya, namiji tilo a ƙungiyar mata, ya samu kujerar ne don ya iya rubuta wasiƙa da Turanci. Shadda ta sha guga, biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

"Iyayena, ni ba na son dogon zance," in ji shi, alhali ya fi minti ashirin yana yi. "Saƙo arba'in da uku suka shigo. Tara sun kawo evidence. Ga na Madam Rashidatu, malamar makaranta ce, ku gani."

Ya nuna allon. Layi uku ne gajeru, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ta ci jollof. Ta kwana a asibiti. A ɗauki mataki.

"Sauran talatin da huɗu kuma," ya murza laftof ɗinsa yana murmushi, "ku duba da idonku."

Layuka suka riƙa wucewa, kowanne guda ɗaya tak.

Assalamu alaikum warahmatullah ina gaida uwarmu Magajiya da fatan

Assalamu alaikum gaisuwa mai yawa zuwa ga Magajiya da iyali da

Salamu alaikum bayan dubun gaisuwa da fatan alheri yaya ƙafa ya

"Kun gani? An ce a kawo shaida, sun kawo sannu da gida. Ko mutum ɗaya bai ce abincin Amama lafiya yake ba. Shi ya sa nake cewa zamani ya canza, a ba kamfanin abinci aikin nan, na san wani mai tsafta."

Rafi'atu ta miƙe zumbur, zaninta na neman kwancewa.

"Ƙarya ne! Ni na yi magana paa! Matar ɗana shi ya rubuta mani, har hannunshi ya gaji ya canza hannu!"

"To ina maganar, Hajiya? Talabijin ya cinye?"

'Yan layin gaba suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Rafi'atu kuwa ba ta karatu, ba ta da yadda za ta yi musu da allo.

Magajiya ta daɗe tana kallon ludayin. Tsohuwa ce mai nauyin baki, tare suka yi ƙuruciya da Amama a lungu ɗaya, kowa ya ga abin ba daɗi yake mata ba.

"Amama," ta ce a hankali, "ni na ce a tambayi jama'a, kuma na yi alkawarin bin abin da jama'a suka ce. Ba ni da..."

Hannunta ya doshi ludayin.

"A dakata!"

Duk kawuna suka juyo. Sherifa ce a bakin ƙofa, tana haki, ɗankwali ya zame, takalmi ɗaya ya kwaso ruwan gwata.

"Salamu alaikum. Magajiya, ki gafarce ni, na shigo ba ladabi. Kada ki taɓa ludayin nan sai kin ji ni."

Lauwali ya ɗaga hannu. "Sista Sherifa, an riga an rufe..."

"Bar ta," in ji Magajiya. "Shigo, 'yata. Me ke tafe da ke?"

Sherifa ta zo ta durƙusa a gaban tabarma. Ta yi niyyar farawa da Lauwali, amma da ta haɗa ido da uwarta sai ta fasa. Gaskiya in za a faɗe ta, daga kan mai faɗar ake farawa.

"Hajiya Rafi'atu ba ta yi ƙarya ba. Talabijin bai ci maganarta ba. Ni na ɓoye ta."

Tsakar gida ta ɗauki salati.

"Ke?" Amama ta ɗago kai karo na farko. "Ke, Sherifa?"

"Ba da gangan ba, Mma. Amma hannuna ne." Ta juya ga Magajiya. "Da na gina shafin nan na ba shi umarni biyu. Na ce ya nuna rubutu yadda mai shi ya rubuta, kada ya sauko sabon layi sai inda mutum ya danna da kansa ya sauko. Na kuma ce duk abin da ya wuce bangon akwatin a ɓoye shi, don kada shafin ya yi muni. Na gwada da 'yan gajerun kalmomina, na ga lafiya lau, na tafi abina."

"Yi mana Hausa," wata ta ce daga baya.

"To ga Hausa. Su Madam Rashidatu mutanen ofis ne. Ba su gaisuwa a takarda. Su faɗi magana ɗaya su danna su sauko, su faɗi ta biyu su danna su sauko, shi ya sa tasu ta fito duka. Iyayenmu na kasuwa fa? Wa ya taɓa ganin Hajiya Rafi'atu ta shiga magana ba ta gaisa ba?"

"Allah ya kiyaye!" in ji Rafi'atu. "Ni ba a haife ni a mota ba."

"Sai ta yi sallama, ta gaida Magajiya, ta tambayi ƙafa, ta gaida gida, ta yi wa mamata addu'a, sannan ta ce bayan gaisuwa. Kuma duk a numfashi ɗaya, ba mai danna komai. To maganar tana nan, ta miƙe layi ɗaya ta ratsa bangon talabijin ta wuce. Da za a bi ta da ƙafa sai an dangana da Maamobi. Gaisuwar ce kawai ta samu wuri a cikin akwatin."

Sai wata tsohuwa ta leƙa bayan talabijin, wai ko za ta ga sauran rubutun na lilo. Ba wanda ya yi mata dariya, don rabin matan abin da suke son yi kenan.

"Ana iya dawo da ita?" Magajiya ta tambaya.

"Yanzu ma kuwa."

Ta zauna a ƙasa ta buɗe laftof kan cinyarta. Don sauri har ta yi kuskuren lambar sirri sau biyu. Gyaran abin da ya hana uwarta barci sati biyu bai kai kalma goma ba. Ta goge umarnin ɓoyewa. Ta rubuta wa shafin sabo: ka bar wa kowa layinsa yadda ya yi, amma in rubutu ya iso bango, karyo shi ka sauko da shi ƙasa, ko kalma ɗaya ce ta yi tsawo ka karya ta. Ta tura.

"Malam Lauwali, sabunta shafin."

Lauwali ya kalli laftof ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. "Network ɗin nan ba shi da kyau."

"Da kyau yake lokacin da kake nuna gaisuwa."

"Chale, ki bi a hankali, ba a..."

"Ya Salam!"

Madam Rashidatu ce. Ta riga ta buɗe a wayarta, tana murza allo da yatsa, tana murzawa, abin ya ƙi ƙarewa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Lauwali," Magajiya ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Danna."

Ya danna.

Allon ya yi fari, ya dawo. Layin farko ya taho har bango, ya karyo, ya sauko, ya sake tafiya ya karyo, kamar ana ninke turmin atamfa. Akwatin da ɗazu bai fi kaurin yatsa ba ya cika talabijin daga sama har ƙasa, kuma saƙo ɗaya ne kawai.

"Ga shi nan! Ga maganata!" Rafi'atu ta daka tsalle, ita da ba ta san alif ba. "Na gane shi da yawanshi!"

Wuri ya kaure. Masu waya suka zaro, marasa waya suka leƙa na maƙwabta. Sherifa kuwa ta san da saura, don ta ga Lauwali na gyara wuyan riga.

"Iyayena! Iyayena, a saurara!" Ya buga tebur. "Ku yi tunani. Wa ya gina shafin? 'Yar Amama. Wa ke da makullinsa? 'Yar Amama. Jiya babu rubutu, yau ta zo da gudu ta taɓa kwamfuta, rubutu ya cika gari. Ita ta zauna ta rubuta abinta don ta wanke uwarta!"

Maganar ta shiga. Sherifa ta ga wasu fuskoki sun canza, har da na masu murna. Ta buɗe baki za ta yi bayanin kwanan wata da lokacin da kowane saƙo ya shigo, Magajiya ta ɗaga mata hannu.

"Ba na jin yaren kwamfuta, amma na san yadda ake kama maƙaryaci tun ba a haife ku ba. Rafi'atu!"

"Na'am, Magajiya."

"Juya wa talabijin baya."

"Ko na kalle shi ma ba abin da zan gani."

"Juya dai. Ki faɗi abin da kika sa aka rubuta. Ke kuma Rashidatu, ke ce kika kwana a asibiti, ba wanda zai ce kina son Amama. Tashi ki bi rubutun da yatsa. In ta kauce ki faɗa."

Rafi'atu ta juya, ta gyara ɗaurin zani, ta share murya kamar mai shirin wa'azi.

"Assalamu alaikum warahmatullah, ina gaida uwarmu Magajiya da fatan ya tashi lafiya, yaya ƙafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida mutanen gida babba da yaro. Allah ya jiƙan Alhaji mijin Magajiya ya sa ya huta..."

"Amin," mata suka amsa, har da Magajiya.

"...Allah ya jiƙan iyayenmu duka. Ina gaida 'yan ƙungiya na Nima da na Maamobi da na Kanda, da waɗanda suka yi tafiya Allah ya dawo da su lafiya..."

"Hajiya, a taƙaita," in ji Lauwali.

"Kai ka taƙaita! Taƙaitawa shi ya kawo mu nan!"

Dariya ta ɓarke. Madam Rashidatu na bin layi da yatsa, kanta na gyaɗawa.

"Bayan gaisuwa, ni Rafi'atu mai albasa ina shaida don Allah, na ci jollof na Amama faranti uku. Biyu Amama shi ya zuba mani. Na uku ni na zuba da kaina da ya juya baya, Allah ya yafe mani."

"Ashe ke ce!" Amama ta ce, ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Na ƙulla saura a leda na kai gida, mijina ya ci da safe bai ɗumama ba kuraa. Ba abin da ya same mu, ko tusa. Kuma ina da ƙorafi. Mu da muka zauna baya wurin tukwane ba wanda ya ba mu brukina na kwalba, wai na manyan baƙi ne na kanopin gaba. Mu ruwan leda muka sha. Wannan ba adalci ba ne. Wassalam."

Ta juyo tana huci. Duk ido ya koma kan Madam Rashidatu.

"Ba kalma da kalma ba," malamar ta ce a hankali. "Ta manta ta gaida limamin unguwa, a rubuce ta gaishe shi. Amma faranti uku na nan. Leda na nan. Har tusar tana nan."

Guɗa ta tashi daga layin baya. Lauwali ya zaro hankici ya goge goshi.

Daga nan Magajiya ta ce a karanta saura, kuma Madam Rashidatu ce za ta karanta, ba Sherifa ba. Aka shiga. Kowane saƙo sai an gaida Magajiya an tambayi ƙafarta, har tsohuwar ta ce ƙafar ta ji sauƙi haka nan, a riƙa tsallakewa. Mai waken suya ta ci faranti biyu. Mai kifi ta kai wa surukarta mai jego. Wata ta ce ƙanzon ƙasan tukunya ta kankare, in da guba a abincin da ita za ta fara mutuwa. Ba wadda ko kanta ya sara. Kuma cikin kowane saƙo uku sai ɗaya ta yi mitar brukinar nan, furar gero da nono ta kwalba, da aka hana 'yan baya.

A saƙo na ashirin da wani abu muryar Madam Rashidatu ta fara raguwa. Ta tsaya. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Magajiya... kwalba biyu na sha."

"Me kika ce?"

"Brukinar. Da ɗan tsami, na ɗauka haka sabon yayi yake. Na sha tawa na sha ta mijina."

Magajiya ta juya ga layin gaba. Bakwai cikin tara da suka yi rashin lafiya suna wurin.

"Duk wadda ta sha abin kwalbar nan, ta ɗaga hannu."

Hannu bakwai suka tashi, a sanyaye, ɗaya bayan ɗaya.

"Ku na baya, wa ta sha?"

Ko ɗaya.

"Allahu Akbar," in ji Rafi'atu. "Ashe rowa da aka yi mana shi ya cece mu."

Magajiya ta dafa gwiwa ta miƙe, da ƙafar tata mai ciwo, ta sunkuya ta ɗauki ludayin da hannu biyu. Ba ta aika a kira Amama ba, ita ta taka har inda take zaune.

"Amama, tun muna 'yan mata ban taɓa cin abin hannunki na yi nadama ba. Na so in bi takarda in bar abin da na sani. Ki yafe mini. Karɓi kayanki."

Amama ta kalli ludayin ta kalli ƙawarta. Hawayen da ta riƙe sati biyu, ko a gaban 'yarta ba ta bari sun zubo ba, suka ɓalle. Ta karɓa ta rungume shi a ƙirji.

Ai sai gidan ya rikice. Guɗa ta ko'ina, wasu na tafi, wasu sun kife bokiti suna kiɗa, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Madam Rashidatu ta durƙusa gaban Amama da tabaranta da komai tana ba da haƙuri. Sherifa na tsaye rungume da laftof, dariya take kuka take, ita kanta ba ta sani ba. Daɗin da ta ji a ranar ko ranar da ta karɓi digiri ba ta ji irinsa ba.

Ta matsa ta durƙusa. "Mma, ki yafe mini. Ni na jawo miki."

Amama ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga ludayin ta ɗan ƙwanƙwasa mata a ka.

"Ke da aka haifa a Zongo, kika gina wa mutane zauren da gaisuwa kaɗai ta cika shi? A ina kika taɓa ganin an shiga magana ba a tambayi lafiyar gida ba? Bokon naki bai gaya miki iyayenki na da dogon numfashi ba?"

"Na tuba, Mma."

"Allah ya yi miki albarka. Kin ɓata, kin gyara, kuma kin faɗa da bakinki a gaban jama'a. Tashi."

Cikin wannan hayaniya Lauwali ya lallaɓa yana naɗe waya, ya kai hannu zai zare igiyar talabijin.

"Malam Lauwali."

Sherifa ce. Ta miƙe, idonta ya bushe.

"Alhamdulillah an gama lafiya," ya ce da sauri. "Kuskuren na'ura ne, ba laifin kowa. Magariba ta kusa."

"Ni sai yau da azahar na san rubutun na ɓoye. Kai fa, yaushe ka sani?"

"Ni? Abin da kowa ya gani shi na gani."

"Ranar da na gama shafin, wa ya ce in sa kowane saƙo ya riƙa faɗawa imel ɗinsa, don shi ne sakatare?"

Kiɗan bokiti ya tsaya.

"Imel ba shi da bangon nan nawa," ta ci gaba. "Duk saƙon da ya shigo, cikakkensa kake samu, daga sallama har wassalam."

"Ba na buɗe imel. Aiki ya yi mini yawa."

"To buɗe yanzu mu gani," in ji Magajiya. "Ga talabijin."

"Gwaggo, sirrin ofis ne..."

"Ofishin nawa ne. Buɗe."

Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ya buɗe. Saƙonnin suka jeru a allo, kuma Madam Rashidatu ba ta jira an tambaye ta ba.

"Duk an buɗe su. Wanda ba a karanta ba baƙi ƙirin yake fitowa, nan ko ɗaya babu." Ta matsa tana ƙirgawa da yatsa. "Arba'in... arba'in da ɗaya... da biyu. Arba'in da biyu ne. Ba arba'in da uku ka ce mana ba?"

"Ɗaya ya goge," Sherifa ta ce. "Daga imel ɗinsa ya iya gogewa. Daga shafin bai iya ba, sai ya bar shi, tunda ya san gaisuwa kawai ake gani. Ga alama na can ƙarshe ne, wanda ba mu kai ba."

Magajiya ta koma ta zauna a hankali, fuskarta ba annuri.

"Brukinar nan a aboboyaa, keken kayan nan mai ƙafa uku, aka kawo ta, aka ce wa uwar amarya gudummawa ce daga wani bawan Allah. Har yau ba mu san bawan Allahn ba. Sherifa, koma shafinki. Sauka ƙasa."

Sherifa ta janyo laftof ɗin Lauwali gabanta ta murza. Saƙon ƙarshe ya fito. Ya fi na kowa tsawo, ya cika allo ya wuce, ta murza sau uku kafin ta ga ƙarshensa. Idonta ya sauka kan sunan da ke ƙasa, sai ta ɗago ta kalli Lauwali.

"Karanta," in ji Amama, ludayi a hannu.

"Assalamu alaikum warahmatullah, ina gaida uwarmu Magajiya... ina gaida Amama, wadda ta dafa abincin aurena ba ta gaji ba, ta dafa na sunan 'ya'yana uku... bayan gaisuwa, kwana tara ban yi barci ba. Abin da ya kwantar da mutane ba daga tukunyar Amama ya fito ba. Daga firizar ɗakina ya fito, bayan wuta ta yi kwana biyu ba ta..."

"Kashe! Kashe abin nan!" Lauwali ya yi kukan kura ya fizge igiyar. Allo ya yi baƙi.



Can layin ƙarshe, jikin randa, wata kujera ta yi ƙara. Mace ce da tun farkon zama ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta yi dariya ba, ba ta yi guɗa ba. Ta miƙe tsaye ta yaye mayafin.

Nasira ce, matar Lauwali.

"Nasira, in kika buɗe baki..." in ji Lauwali.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Amama take kallo.

"Bar talabijin ɗin a kashe, Sherifa," ta ce. "Na rubuta an ɓoye. Yau da bakina zan faɗa, kuma ba zan yi gaisuwa ba."